Shekara 9 ina acaɓa, kwana ɗaya ta kayar da ni a adaidaita

Har yanzu in na zo wucewa ta kwanar nan ta bayan garinmu sai naji gabana ya faɗi, wata 7 kenan amma abin bai sake ni ba.

Ni fa tun kafin a hana acaɓa a cikin birnin Kano a 2013 nake kan mashin, da aka hana na tattaro na dawo gida wajen Ringim na cigaba da ɗan jigila tsakanin ƙauyuka. To da wani Alhaji a garinmu ya siyo adaidaita TVS sabuwa dal yace in riƙa kawo mai balas duk sati, ko gezau banyi ba. Kawuna da ya daɗe yana jan adaidaita Bajaj yace "yaro zo in zaga da kai fili ko na kwana 3 ne", nace haba Kawu, mai ƙafa biyu ma bai kayar dani ba balle mai ƙafa uku. Wallahi haka na faɗa mai, da bakina.

Giyar hannu da ribas a yini ɗaya na gane su, wannan ba komai bane. Abin da ban sani ba shine adaidaita bata kwanciya. Mashin in zaka sha kwana jikinka kake kwantarwa ya bi ka, shekara 9 jikina ya haddace haka. Ita kuwa tsaye take ƙiƙam, taya ɗaya a gaba biyu a baya, in ka shiga kwana da gudu nauyin gaba ɗaya waje yake tafiya, tayar baya ta ciki ta ɗaga sama.

Ranar Lahadi ce, kasuwar Gujungu. Mata 3 a baya, yaro ɗaya a gefena (wannan ma ganganci ne), ga buhun gero 2 na ɗaure a sama saboda son kuɗin lodi. Na shigo kwanar da giya ta huɗu, na kwantar da kafaɗa yadda na saba, adaidaitar ta ƙi bina. Naji tayar dama ta bar ƙasa, a tsorace na danne birki a tsakiyar kwana, shikenan sai gamu a cikin gonar mutane, salati kawai kake ji.

Allah ya taƙaita ba rai. Amma wata baiwar Allah sa'ar mahaifiyata ta karye a hannu, ni na kaita wajen mai ɗori, kuma abin da yafi cina shine cewa tayi "ɗana ba komai, tsautsayi ne". Ni nasan ba tsautsayi bane kaɗai. Gilashin gaba ya tashi, rumfa ta lanƙwashe, mai walda da fanel bita suka cinye min kuɗin tumaki 2, balas kuma Alhaji bai ɗaga min ko sati ɗaya ba. Da aka zauna sulhu gaban mai gari ɗan matar ya tambaya ina lasin ɗina, nayi tsuru-tsuru. Babu. Ban taɓa yi ba ko na acaɓa.

Daga baya naje Dutse nayi. Class A ake cewa, shine na babur da mai ƙafa uku, sai ka kai shekara 18, jami'an duba ababen hawa (VIO) su gwada ka, ka biya kuɗi, 'yan road safety su ɗau hotonka da zanen yatsu, a baka na wucin gadi na kwana 60 kafin na ainihi ya fito, akwai na shekara 3 akwai na 5. Ka haɗa da lamba da inshora, kuma kar ka ba kowa kuɗi a tasha yace zai kawo maka har gida, in ba'a ɗau yatsunka ba wannan ba lasin bane.

Amma fa takarda bata koya maka kwana. Kawu na koma wa, kai a ƙasa. Sati 2 muna filin makarantar firamare bayan la'asar, ya jera duwatsu yace in zaga, farko ba kowa, sannan ya cika bayan da buhun yashi, sannan ya tattara yashin gefe ɗaya dan inji yadda take ɗagawa. Rage gudu tun kafin kwana, sauko giya biyu, ka fita da totur a hankali. Kaya masu nauyi a ƙasa wajen ƙafa, banda sama. Gefen titi in kwalta ta gutsire kar ka sauka da taya ɗaya da gudu, a rairayi kuma kar ka fizgi kai. Duk lokacin da na kwantar da kafaɗa sai ya ɗaka min duka a baya yace "ba jaki kake kai ba".

Jiya wani ƙanina ɗan acaɓa yazo wai in ara mai makulli zai kai amarya Taura, yace ai duk mashin mashin ne. Na kalli kafaɗarsa kawai, na maida makullin aljihu nace ya sameni a filin firamare bayan la'asar.