Allurar da aka ce za ta sabunta mini gwiwa

Shekara biyu na yi ina salla a kan kujera a gefen sahu, kuma duk wanda gwiwa ta taɓa hana shi kai goshinsa ƙasa ya san cewa wannan ya fi shi kansa ciwon nauyi a zuciya. Tun farkon lamarin na je asibitin gwamnati, aka ɗauki hoton ƙashi, likitan ya nuna mini yadda tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwata ta dama ta tsuke ta gefen ciki, ya ce guringuntsi ne ya zaizaye, kuma a mataki na 3 nake cikin matakai 4 da suke auna wannan ciwo da su. Ya rubuta mini takarda zuwa sashen gashin ƙashi, ya ce in rage ƙiba. Na ninke takardar na sa a aljihu ina jin haushi, domin gani nake na zo neman magani an sallame ni da motsa jiki. Wannan takarda ta shekara a cikin akwati ban buɗe ta ba, kuma a nan kuskurena ya samo asali.

Na fara da allurar sitiroyid, mai rage kumburi, a cikin gwiwa, wadda ta ba ni sauƙi na kusan mako shida, sannan ciwon ya dawo yadda yake. Bayan haka ne wani abokin aiki ya kai ni wani asibitin kuɗi inda ake yin allurar PRP. An ɗebi jini daga hannuna, aka sa shi a injin da ke juya shi da sauri har ya rabu, aka zuƙe ruwan da ya tara ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, aka mayar mini da shi cikin gwiwa. Bayanin ya shiga kaina sosai, domin jinina ne ba wani sinadari ba, kuma wanda ya yi mini allurar ya ce: "Alhaji, wannan sabunta guringuntsi take yi, bayan ta uku za ka manta da kujera." Na biya allura uku a jere, kuɗin da ya haura albashina na wata biyu, ban nemi a nuna mini hoton gwiwar mutum ko ɗaya da guringuntsinsa ya dawo ba.

Akwai abin da har yau yake ci mini rai. A duk tsawon makonnin nan ina shan diclofenac safe da yamma, wanda na saba saye a kemis ɗin unguwarmu, kuma da gwiwar ta kumbura bayan allurar farko sai na ƙara da ibuprofen. Ba wanda ya tambaye ni abin da nake sha, ni ma ban faɗa ba. Sai daga baya na sami labarin cewa irin waɗannan magunguna suna raunana aikin ƙwayoyin jinin da aka tattara ɗin, shi ya sa ake umartar mara lafiya ya daina su kwanaki kafin allurar da kuma bayanta. Tambaya ɗaya ta minti guda ce ta isa, amma an karɓi kuɗina sau uku ba a yi ta ba.

Bayan wata huɗu, da gyambon ciki ya fara damuna saboda yawan shan maganin, sai na koma wurin likitan farko, na gaya masa duk abin da na yi. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce akwai binciken da ya nuna PRP tana rage wa wasu ciwo, musamman waɗanda zaizayar ba ta yi nisa ba, amma rage ciwo daban, tsiro da sabon guringuntsi daban. Ya ba ni labarin gwajin da aka yi a Ostireliya, wanda mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2021, inda aka raba mutum 288 gida biyu, aka yi wa wasu PRP, wasu kuma ruwan gishiri kawai, kuma bayan wata 12 ba a ga bambanci na a zo a gani ba, a ciwo ko a yawan guringuntsi. Ya ƙara da cewa tun a 2019 ƙungiyar likitocin ciwon gaɓoɓi ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi PRP ko allurar ƙwayoyin halitta da ake cirowa daga ɓargo ko kitse don wannan ciwo. Ina jin wannan sai na tuna cewa an riga an fara kwaɗaita mini ta ɓargon, wadda kuɗinta ya ninka na PRP.

Game da sitiroyid kuwa, ya ce tana da amfani idan gwiwa ta kumbura ta hana barci, amma ba abin maimaitawa ba ce a kai a kai, domin a wani gwaji na 2017 waɗanda aka riƙa yi musu duk wata uku har shekara biyu sun fi waɗanda aka yi wa ruwan gishiri rasa guringuntsi, kuma tana ɗaga suga na 'yan kwanaki ga mai ciwon suga. Daga nan ya sake rubuta mini irin takardar da na wulaƙanta shekara guda da ta wuce, ya ce: "Malam, wannan karon ka daure ka je."

Na je, kuma abin da aka sa ni yi ya ba ni mamaki saboda sauƙinsa. In kwanta in miƙe ƙafa in ɗaga ta in riƙe, in zauna a kujera in tashi ba tare da dafa komai ba, in hau matakala ɗaya in sauka a hankali, sannan in tuƙa keken tsaye na minti goma sha biyar. Mai horar da ni ta bayyana mini cewa tsokar gaban cinya ita ce ke tallafar gwiwa, kuma tawa ta shanye ne saboda na daɗe ina lallaɓa ƙafar don gudun ciwo. Ta kuma ce duk kilo ɗaya da na zubar yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Na rage tuwon dare da lemon kwalba da shayi mai suga, na musanya ƙwayar diclofenac da irin wanda ake shafawa, na kuma yarda na riƙe sanda a hannun hagu, wato gefen da ba ya ciwo, duk da na daɗe ina ƙin ta. Makonni uku na farko ciwon ƙaruwa ya yi, har na kusa bari. A wata na shida na zubar da kilo 8.

Ba na cewa allura ba ta da wuri, amma duk wanda za a yi masa ya tambayi abu biyu kafin ya ciro kuɗi: wane mataki ciwonsa yake, kuma me ake sa ran allurar ta yi, rage ciwo ko gyara gaɓa. Ya kuma zube duk magungunan da yake sha a kan teburin likita ko ba a tambaye shi ba. Da na yi haka, da ban zubar da albashin wata biyu da shekara guda ta rayuwata ba, kuma da cinyata ba ta rame haka ba kafin in fara aiki a kanta.

Hoton da aka sake ɗauka a bana bai nuna wani canji ba, tazarar ƙasusuwan tana nan a tsuke yadda take. Amma ranar wata Juma'a a watan Sha'aban na tura kujerar gefe na yi sujada a kan tabarma, karo na farko cikin shekara biyu, na kuma tashi ba tare da an kama ni ba. Zaman tahiya har yanzu da ƙafar dama a miƙe nake yin sa, kuma kowace asuba bayan salla sai na ɗaga ta sau talatin kafin in karya kumallo.