Ba kamara ce take cinye kuɗin fim ba

Jiya da daddare ƙanin wani abokina ya same ni a shago, wai ya tara 'yan kuɗinsa zai yi fim, tambayarsa ɗaya ce tal: "Yaya, wace kamara zan saya?" Na yi ta dariya har sai da ya fara jin haushi. Wallahi ba raina shi na yi ba, kaina na tuna, don ni ma da wannan tambayar na fara kuma ita ce ta kai ni ta baro.

Gajeren fim ɗina na farko bai wuce minti 20 ba amma na cika shi da sin (wato fitowa) 18 a lokeshan (wurin ɗauka) 7, har da asibiti, da falon mai kuɗi, da kasuwa, da sin ɗin biki kamar wani babban furodusa. Na je Zoo Road na yi hayar kamara mai kyau da fitilu biyu, na biya kuɗin kwana uku, a tunanina an gama. Ranar farko sin huɗu muka ɗauka. Huɗu fa! Kafin a kwaso mutane daga Dorayi a kai su Hotoro a adaidaita sahu biyu, a jira jaruma ta gama kwalliya, a ja waya a saita fitila, sai ka ji an kira azahar, ana dawowa daga sallah kuma kowa cikinsa yake dubawa. Kwana ukun nan sai da suka zama bakwai, kuma kowace rana da ta ƙaru kuɗin haya ne, kuɗin mota ne, kuɗin mai ne, ga abinci. Tun daga nan idan zan yi lissafi kwanaki nake fara ƙirgawa, kuma duk sin ɗin da za a yi a wuri ɗaya a rana ɗaya nake haɗe su ko da ɗaya a farkon labari yake ɗaya a ƙarshe.

Maganar abincin nan kuwa ba wanda yake faɗa maka. A takarda mutum 12 ne, amma da an sauke kular shinkafa da wake sai ka ga kun kusa 20, ga abokin jarumi da ya zo kallo, ga ƙanwar jaruma da aka haɗo ta rakiya, ga yaran gidan da suka ba ku aron tsakar gida, wa za ka ce wa ba naka? Ruwan leda kaɗai ma a watan Afrilu a Kano kasafi ne mai zaman kansa.

Sai janareto. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk sin ɗin dare da ka rubuta ka san a aljihunka zai fita, kuma ƙarar injin ma wata masifar ce, in ba ku da doguwar waya da za a kai shi can bayan gida to a cikin maganar 'yan wasa zai zauna. Mu ba janareton ne ma ya kashe mu ba, injin markaɗe ne a maƙota. Na je duba gidan da safe shiru kamar makabarta, ashe da la'asar ake kunna shi, daidai lokacin da uwa take kuka a kan ɗanta, sin ɗin da duk fim ɗin ya dogara a kai. Dole aka koma situdiyo aka sake ɗaukar murya, na sake biya, kuma kukan bai taɓa fita kamar na farko ba. Mutane za su haƙura da hoto mai ɗan duhu a waya, amma da sun kasa jin magana za su wuce, don haka ni yanzu gara na rage kuɗin kamara na ɗauko mai sauti da ya san aikinsa.

Wani abin dariyar ma, tsakanin kwana na uku da na huɗu aka yi bikin 'yar uwar jarumarmu, ta dawo hannu da ƙafa ya sha lalle. A fim ta fita daga ɗaki hannu fari, ta shigo falo da zanen fulawa har gwiwar hannu. Hijabi muka zumbula mata a sauran sin ɗin.

Amma babban kuskurena shi ne ban ware wa editin, wato aikin yankawa da haɗa hotunan a kwamfuta, ko sisi ba. Muka gama shutin aljihu wayam, fim ya kwanta a hadis ɗin kwamfuta (ma'ajiyarta) kusan wata biyar ina ta roƙon Allah kar ya lalace don kwafi ɗaya ne. Kuma in a Kano kake akwai Hukumar Tace Fina-finai, tun 2001 take nan, rajista da kuɗin dubawa duk sai ka saka su a lissafi tun farko, ba sai an gama ka fara zare ido ba. Shi ya sa kuɗina yanzu kashi uku nake yi, na shutin, na editin da takardu, sai na ko-ta-kwana wanda ba na taɓawa sai ta ɓaci, kuma kullum sai ta ɓaci ɗin.

Ƙanin abokin nawa ya ce ai YouTube zai mayar masa da kuɗinsa. Na ce ƙanina zamanin da ake kai fim Ƙofar Wambai a sayar da faifai ya wuce, shi kuma YouTube kafin ya fara ba ka kuɗin talla sai ka haɗa mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara, don Allah kar ka ciyo bashi a kan wannan.

Na ba shi biro da bayan kwalin sabulu na ce ya rubuta min duk wurin da zai samu kyauta. Ya rubuta zauren kakarsa a Gwale, shagon ɗinkin kawunsa, da babur ɗin abokinsa. Na ce to je ka rubuto labarin mutum uku da ba zai fita daga nan ba, ka kawo min ranar Asabar bayan la'asar.