Liyarin Hajiya ya zama zobe, amma sai da na kashe guda

Jiya wajen ƙarfe 11 na dare zoben liyarin nan ya fito daga ruwan alif, wanda muke wanke baƙin wuta da shi, ba tsaga ko ɗaya. Na daɗe zaune ina jujjuya shi a tafin hannu kamar wanda aka yi wa haihuwar fari.

Wata Hajiya ce ta kawo liyarin kakarta ƙulle a tsumma, irin mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya. Ba ta son a narka shi yadda maƙeran azurfa na da can ke yi su fitar da awarwaro. So take a lanƙwasa shi ya zama zobe, rubutun da ke kewaye da hoton mikiyar bayansa tare da shekarar 1780 da ke jiki su fito waje, ta ba 'yarta ranar biki. Ta ce shekarunsa sun haura 240. Na dai yi shiru, don kusan duk liyarin da ka gani 1780 ce a jikinsa, shekarar da sarauniyar ta rasu, har waɗanda ake bugawa a Biyana yau. Ko na faɗa, na kakarta ne dai.

Tsoro ya hana ni fara taɓa nata. Na je Kasuwar Kurmi na sayi wani na gwaji, na ɗora a sikeli, giram 28 cif, naira dubu 45. Har yanzu idan na tuna sai raina ya sosu, don cikin rabin sa'a na hallaka shi. Na huda tsakiya, na gasa shi a wuta sau ɗaya don ya yi laushi, na sa a sandar auna zobe na hau bugu da gudumar katako. Ya fara kifewa gwanin sha'awa, sai na ji ƙas! Tsaga ta taso daga bakin hudar ta bi ta kan fiffiken mikiya har gefe.

Na kai wa maigidana gawar. Bai ko kalli tsagar ba, farce ya sa ya zaga cikin hudar, ya ce, "Yaro, ina magagarinka yake?" Ashe ɗan kaushin nan da huda ke bari, kowane tsininsa ƙofar tsaga ce da zarar ƙarfe ya fara miƙewa. Ga shi azurfar liyari kashi 833 ce cikin 1000, sauran jan ƙarfe, tana saurin taurara a ƙarƙashin guduma. Gashi ɗaya ba ya isar ta.

A na Hajiya, sai da na yi kusan sa'a guda kan bakin hudar kaɗai, magagari sannan samfefa, har ya yi sulɓi kamar bakin kofi. Gashi kuwa sau bakwai. Nakan kashe fitilar shago in ga jan da kyau, da ya yi ja-ja kamar garwashin da toka ta fara rufewa sai in janye wuta. Na naɗe sandar da guntuwar fata don rubutun ciki kada ya goge. Bugu kaɗan, juyi, bugu kaɗan. Da na ji amon gudumar ya sauya, alamar azurfar ta taurare, in koma wuta ko da zuciya na cewa ƙara ɗaya.

Saura abu biyu. Akwai wani duhu-duhu kusa da lambar 7 ta 1780 ɗin da alif bai cire ba, jan ƙarfen ne wuta ta taɓa, kuma in na matsa da goga rubutun zai tafi. Wanda ya taɓa fama da wannan a liyari ya taimaka mini. Na biyu, zoben giram 22 ne, ya yi wa yatsar amarya nauyi ƙwarai. Hajiya za ta zo ranar Asabar. Na ƙulle mata ɗan faifan da na huda da garin magagarin a leda, ta ga ko ƙwayar azurfarta ban taɓa ba.