Wata biyu ina sanƙiran ƙanena

Ina rumfata ta gyaran waya a Bukoki, ina tsakiyar canza gilashin wata waya, ƙanena ya kira ni daga Tawa yana haki: ya tsallake tantancewa. Gasar waƙa ce ta wata tashar telebijin mai zaman kanta a nan Yamai. Matasa 12 za a ajiye a gida ɗaya, a karɓe musu wayoyi, kowace Asabar da dare a sallami wasu. Alƙalai na da nasu maki, sauran kuma ƙuri'ar jama'a ce ta saƙon waya, dala ashirin kowane saƙo. Ya kwana a hanya, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, na tarbe shi a tasha. A ƙofar gidan gasar ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, ga amana."

A lokacin na ɗauka murya ce kawai ke cin gasa. Asabar ta farko ta gyara mini tunani. Ya rera waƙa har alƙalai suka miƙe, amma a ƙuri'a ya zo na tara. Wadda ta zo ta ɗaya ba ta kai shi murya ba, sai dai tun Litinin hotonta ke yawo a WhatsApp, kuma an ji yayarta a rediyo sau biyu. Telebijin awa ɗaya yake nuna mutum a mako. Sauran kwana shida, in ba wanda ke ambaton sunanka, ka bi ruwa.

Mu mutanen Adar, wato yankin Tawa, ba baƙon aiki ba ne wannan a wurinmu. A Tawa aka fara kokowar takobi ta ƙasa a 1975, kuma duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ya san kafin ɗan kokowa ya taɓa abokin karawarsa, makaɗa da maroƙa sun riga sun cika fili da sunansa. Mawaƙi ma da sanƙiransa yake tafiya, shi ke faɗa wa taro ko wane ne, ɗan wane ne. Abin da Turawa ke kira hulɗa da jama'a ke nan, sai dai yau kalangun ya koma cikin waya. Tun da aka fara Big Brother a Holand a 1999, Faransa ta biyo da Star Academy a 2001, tsarin bai sauya ba: a rufe mutum a ciki, jama'a su yanke masa hukunci a waje. Shi ya sa a Najeriya kusan kowane ɗan Big Brother Naija yana barin masu riƙe masa shafukansa kafin ya shiga.

Na zage damtse. Da safe in sa guntun bidiyonsa na daƙiƙa 30 a Facebook da TikTok, da dare in zaga fada-fada, wato majalisun hirar samari, daga Bukoki zuwa Wadata har Lazare, in sha shayi in nuna yadda ake tura saƙon. Na gano saƙon murya da Hausa da Zabarmanci ya fi rubutun Faransanci tafiya nesa, don tsohuwar da ba ta yi lakwal ba ma tana saurare ta tura wa jikokinta. Ƴan Tawa da ke cin rani a Abijan ba sa iya jefa ƙuri'a daga can, sai su aiko da kuɗi in rarraba wa fada su sayi kati. A mako na uku ya hau na huɗu.

Sai na yi abin da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Wani ɗan jarida ya ce mini, "Muryarsa ta yi, amma ina labarinsa? Mutane tausayi suke zaɓa." Gaskiya ne ƙanena ya taɓa tura kurar ruwa a wani hutun makaranta, don ya sayi tsohuwar jita. Ni kuwa da aka buɗe mini makirfo sai na ƙara gishiri, na ce da ga-ruwa ya ciyar da gidanmu shekara da shekaru. A daren nan, ƙuri'a ta yi ta zuba kamar ruwan Agusta.

Washegari bayan sallar asuba Inna ta kira. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kama sunana ba. Ta ce, "Kai, wannan yaro, mi ka hwaɗa ma duniya? Shekara talatin ubanku na riƙe da alli yana koyar da ɗiyan mutane, ba ku taɓa kwana da yunwa ba. Yau mata na shigowa suna yi mini jaje." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce Baba bai je majalisarsu ba jiya, sannan ta kashe wayar. Kafin azahar, ɗaliban Baba na da sun fara rubutu a ƙarƙashin hoton ƙanena: ƙarya ce, mun san gidan. Shi kuwa yana can a rufe, bai san an yi ba.

Wasu abokai suka ce in yi shiru, kura za ta lafa. Na ƙi. Na koma gidan rediyon na ce ni na yi ƙari, ƙanena bai sani ba, kuma ina neman gafarar mahaifina. Na ba da labarin jitar yadda yake. A wannan mako mun sauka zuwa na shida, da ƙyar ya sha. Abin da ya ba ni mamaki, waɗanda suka ƙaryata ni su ne daga baya suka fi kowa tura saƙo, wai ɗan malaminsu ne.

Kuskure na biyu sai bayan gasa na gan shi. Ya ƙare a na uku. Mako biyu waya ba ta huta ba, a kasuwar Katako ana tsayar da shi ana hoto, amma duk wanda ya ce "turo mini waƙarka", ba mu da abin turawa, don waƙoƙin wasu ya yi ta rerawa a gasar. Laycon, wanda ya ci Big Brother Naija a 2020, ya fitar da waƙoƙinsa tun kafin ya shiga gidan, masu son sa suka tarar da abin saurare yana jiran su. Mu kuwa duk kuɗin da muka tara, sama da jaka 200, a saƙon waya ya ƙare. Da na ware ko jaka 50 na kai shi situdiyo tun farko, da wannan zafin bai huce a banza ba. Kafin wata uku kira ya ɗauke.

Yanzu yana waƙa a bukukuwan aure, nan da Tawa, ni ke karɓar kira in tsayar da farashi. Mun naɗi waƙoƙi biyu nasa na kansa, ta uku na hannun mai haɗa sauti. Duk abin da zan rubuta a kansa sai na karanta masa tukuna, in kuma ya shafi gida sai na kira Inna. Makon jiya na karanta mata ƴan layukan da za su raka sabuwar waƙar, ta sa na cire kalma ɗaya, ta ce in sa sunan unguwarmu.