A wurinmu ba a buɗe bokiti da hannu

Ƙaramin kamfani gare ni a Kano, mu kaɗan ne, kuma yawancin abin da ke kawo mana kuɗi aiki ne da ido ba ya gani. Muna tsara wa mutane inda za su ajiye fayilolinsu a intanet: ɗakin gwaje-gwaje mai tarin hotunan sikanin, makarantar kuɗi mai takardun sakamakon ɗalibai, masu ɗaukar bidiyon biki da faifan ajiyarsu ya cika har suna goge na bara don na bana ya samu wuri. Mafi yawansu a kan S3 muke ɗora su, wato ma'ajiyar Amazon da ta fara aiki tun 2006, inda kowane rumbun fayiloli ake ce masa bokiti.

Buɗe bokiti ba wani aiki ba ne. Ka shiga shafin AWS, sashen Amazon mai kula da S3, ka danna nan ka danna can, kafin shayinka ya huce ka gama. Shi ya sa ba na jin haushi in kwastoma ya dubi takardar kuɗinmu ya ce, "Injiniya, yarona ya ce abin nan minti biyu ake yi, wannan lissafin kuma na mene ne?" Gaskiyarsa. Sai dai wanda ya buɗe da hannu, bayan wata shida shi kansa ba zai iya gaya maka abin da ya danna ba. In ya bar aiki ko ya tafi karatu, shi ke nan, ya tafi da sanin a kansa. Abin da muke sayarwa shi ne rubutun. Duk yadda bokitin yake, wa zai shiga, wa ba zai shiga ba, yaushe fayil zai tsufa, yaushe za a goge shi, yana cikin wasu 'yan fayiloli da kowane ma'aikaci zai iya buɗewa ya karanta, kuma daga wannan rubutun ake gina bokitin.

Manhajar da muke rubutun da ita Terraform ce, wadda kamfanin HashiCorp ya fitar a 2014. Kai dai ka rubuta yadda kake son abu ya kasance, ita kuma ta je ta duba abin da ke ƙasa, ta faɗa maka bambancin, in ka amince ta aiwatar. Da yake bukatun kwastomomi kusan iri ɗaya ne, ba ma sake rubutu daga farko kowane lokaci. Muna da mojul ɗinmu guda, kamar mol ɗin buga bulo: ka zuba sunan bokiti da yankin da za a ajiye shi da wa'adin fayiloli, ya fito maka da bokiti mai kama da 'yan'uwansa. Akwai sanannen mojul na S3 a rumbun Terraform, cikin jerin terraform-aws-modules da Anton Babenko ke kula da su, kuma aiki ne mai kyau. Ni dai na zaɓi mu rubuta namu ƙarami. Nasu an yi shi don duniya duka, yana da ƙofofi da yawa, kowane irin zaɓi akwai. Namu kuwa da gangan muka toshe yawancin ƙofofin. Sabon ma'aikaci ba zai iya buɗe bokiti ga jama'a ta cikinsa ba ko da ya so, domin babu wurin da zai rubuta hakan.

Wannan toshewar ita ce abu na farko a mojul ɗin. S3 na da makullai huɗu na hana jama'a shiga, dukkansu a kulle muke barinsu. A 2017 wani mai bincike, Chris Vickery, ya tarar da bayanan masu zaɓe na Amurka kimanin miliyan 198 a wani bokiti da aka bari a buɗe. Ba wanda ya fasa komai, duk mai adireshin zai iya kwasa. Sai a Afrilun 2023 Amazon ya mayar da kullewar ta zama haka kowane sabon bokiti ke zuwa, kamar yadda tun Janairun wannan shekarar yake kulle kowane sabon fayil da mabuɗin sirri ba sai an roƙa ba. Wani abokin sana'a ya ce min tunda haka ne me ya sa har yanzu nake rubuta su a mojul. Dalilina shi ne abin da ya zo a kulle, mai izini zai iya buɗe shi da dannawa ɗaya, kuma Terraform ba ta lura da abin da ba a ba ta amanarsa ba. In ba ka rubuta shi ba, ko an canza ba za ta ce maka uffan ba.

Haka ta taɓa faruwa da wani ɗakin gwaje-gwaje da muke wa aiki. Kowane dare akwai na'urar da ke gudanar da terraform plan, umarnin da ke nuna bambanci tsakanin rubutu da abin da ke ƙasa, a kan asusun kwastomominmu, ba ta taɓa komai, duba kawai take yi. Da safe sai ga saƙo: bokitin sakamakon marasa lafiya ya saɓa da rubutu. Layukan makullan, inda ya kamata a ga true, wato a kulle, false ne a ƙasa, wato a buɗe, ga kuma wata sabuwar ƙa'ida da aka liƙa mai ba kowa damar karantawa. Na kira mai wurin.

"Ranka ya daɗe, wa ya shiga asusun jiya?"

"Yaron nan ne, ɗan ƙanwata. Mutane na damunmu da zuwa karɓar sakamako, ya ce zai yi yadda za mu riƙa tura musu ta WhatsApp. Wani abu ya lalace ne?"

"Bai lalace ba, Alhaji. Sai dai yanzu duk wanda ya san adireshin zai iya buɗe sakamakon wani."

Ya yi shiru, sannan ya ce innalillahi. Yaron ba mugunta ya yi ba, matsala ya gani ta gaske kuma ya nemi mafita. Muka mayar da makullan da umarni ɗaya, sannan muka yi musu abin da ya dace: adireshi mai wa'adi, wanda manhajarsu ke samarwa ga fayil guda, ya yi aiki na 'yan awanni ya mutu. Irin wannan adireshin ko an so ba ya wuce kwana 7. Daga ranar muka rage izinin asusun da ke hannunsu, suna gani amma ba sa canza saiti. Alhaji bai ji daɗin wannan ba da farko, ya ce kayansa ne da kuɗinsa. Na ce masa haka ne, kuma duk ranar da ya so babban mabuɗi yana cikin ambulan a durowarsa. Tun da aka sa hannu a dokar kare bayanai ta Najeriya a Yunin 2023, wannan maganar ta fi saurin shiga kunnen masu asibiti da makarantu, don yanzu akwai hukumar da za ta iya tambayarsu.

Aikin da na fi ɓata lokaci wajen koya wa sababbin ma'aikata shi ne karanta abin da plan ya fitar. Rubuta kod kowa na iya koya, yanzu ma har na'ura na taya su. Karatun ne ke son haƙuri. Alamar + na nufin za a ƙirƙiri abu, ~ za a gyara shi a inda yake, - za a rushe. Wadda nake so gabansu ya faɗi in sun gan ta ita ce -/+, wato a rushe a sake ginawa. Sunan bokiti ba ya canzuwa a S3. In wani ya ga sunan bai yi masa kyau ba ya gyara harafi ɗaya a rubutu, Terraform za ta fahimci cewa tsohon za a kawar a kawo sabo. Layin ƙarshe zai ce 1 to add, 1 to destroy, kuma mai gaggawa zai rubuta yes bai duba ba. Abin da ke ceton mutane shi ne S3 ba ya yarda a goge bokitin da ke da kaya a ciki, sai in an kunna force_destroy, saitin da ke sa Terraform ta kwashe kayan ta goge bokitin. Wannan kalmar ba ta cikin mojul ɗinmu sam, kuma mun ƙara prevent_destroy a kai, wanda ke hana Terraform rushe bokitin. Sannan doka ce a ofis: wanda ya rubuta ba shi ke aiwatarwa ba, sai wani ya karanta ya sa hannu. Ni ma mai kamfanin haka nake jira. Ba a kuma aiwatar da komai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kowa hankalinsa ya riga ya yi gida.

Sunan ma kansa akwai rigima. Dole ya kasance babu mai irinsa a duk faɗin S3, haruffa 3 zuwa 63, ƙanana zalla. Duk wani suna mai daɗi an riga ka. Mojul ɗin ne ke haɗa sunan daga laƙabin kwastoma da irin aikin da wasu lambobi, mun huta da gardama.

Maganar kuɗi kuwa, nan ne kwastoma ke gyara zama. Farashin da dala yake. Kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda bai ƙara ko fayil ɗaya ba ya ga kuɗin ajiyarsa ya ninka sau uku. A lokacin ne ka'idojin wa'adi suka zama abin da ya riƙe mana kwastomomi. A yankin Virginia na Amurka, ajiyar yau da kullum dala 0.023 ce kowane gigabait a wata, terabait ɗaya ya kama dala 23 da ɗoriya. Terabait ɗin nan in aka tura shi can ƙuryar da ake kira Glacier Deep Archive, wajen dala 1 ne. Mai bidiyon biki in ya ji haka sai ya ce a kwashe komai a kai can. Sai na ce masa ya tsaya. Abin da ya shiga can, ko ka goge shi gobe sai ka biya kuɗin kwana 180, kuma fito da shi na iya ɗaukar awa 12. In uwar amarya ta bugo waya tana son bidiyon kamu yanzu-yanzu, ba ka da abin ce mata. Don haka muke zama da shi mu tambaye shi: bayan wata nawa mutane ke daina neman aikinsu? Amsarsa ce ke zama lamba a cikin rubutun. Ina kuma gaya masa tun wuri cewa zuba kaya kyauta ne, ɗebowa ne da kuɗi, wajen dala 0.09 kowane gigabait bayan 100 na farko a wata. Mai yawan sauke manyan fayiloli wani lokaci R2, ma'ajiyar kamfanin Cloudflare, nake ba shi shawara, tunda su ba sa cajin fitarwa, ko da yake hakan na nufin wani rubutun daban a wurinmu.

Akwai wata ɓarakar da ta fi shafar mu masu fama da netwok. Babban fayil gunduwa-gunduwa yake hawa S3. In layi ya yanke a tsakiya, ko wuta ta ɗauke kafin janareta ya tashi, gunduwoyin da suka riga suka hau suna nan zaune. Ba sa fitowa a jerin fayiloli, amma ana cajinsu kowane wata. Na karɓi asusun wani situdiyo da ya daɗe yana biyan kuɗin irin waɗannan ragowar bai sani ba, yana ta zargin Amazon da cuta. Layi uku ne maganin abin a mojul: duk lodin da bai kammala ba cikin kwana 7 a share shi. Haka ma ajiye tsoffin kwafi. Muna kunna shi a kowane bokiti don in an goge fayil bisa kuskure a iya dawo da shi, amma kowane tsohon kwafi kuɗi ne, kuma in an kunna ba a kashewa sai dai a dakatar. Saboda haka shi ma da wa'adinsa, yawanci kwana 90 muke sawa.

Wasu kan tambaya ko za a ajiye musu kayansu a Afirka. Akwai yankin Cape Town da AWS ya buɗe a 2020, ya ɗan fi na Turai tsada. Ba na zaɓa wa kowa da ka. Muna gwada saurin daga ofishin kwastoman, a kan layin da yake amfani da shi, mu kuma duba abin da doka ta ce game da irin bayanansa.

Ita Terraform tana da rajistarta, fayil ɗin terraform.tfstate, inda take rubuta duk abin da ta gina. In ya ɓace ta manta da komai, in ya faɗa hannun da bai dace ba akwai sirrika a ciki a fili. Ba ya kwana a laftof ɗin kowa. Yana cikin wani bokiti na musamman a asusun kwastoman, da kulle don kada mutum biyu su yi aiki a kansa lokaci guda. A da sai an haɗa da teburin DynamoDB, wata ma'ajiyar bayanai ta Amazon, don wannan kullen, daga fitowar Terraform ta 1.10 kuwa S3 kaɗai ya wadatar.

Kayan aikin su ma ba sa zama wuri ɗaya. A Fabrairun 2022 aka fitar da siga ta 4 ta mahaɗin da Terraform ke magana da AWS ta cikinsa, aka farfasa rubutun bokiti gida-gida, tsoffin kwafi daban, wa'adi daban, kullewa daban. Masu rubutu warwatse sun sha wahala. Mu wuri ɗaya muka gyara, sannan muka bi kwastomomi ɗaya bayan ɗaya muna ɗaga lambar mojul ɗin. A Agustan 2023 HashiCorp ya canza lasisin Terraform, wasu suka ɓalle suka kafa tasu irin ta, OpenTofu, a ƙarƙashin gidauniyar Linux Foundation, daga baya IBM ya sayi HashiCorp ɗin. Canjin lasisin bai hana irinmu aiki ba, amma ina gwada mojul ɗinmu a kan duka biyun, don kada wata rana a wayi gari da sabon sharaɗi.

Ranar miƙa aiki, rubutun gaba ɗaya muke ba kwastoma, a ma'ajiyar kod ta Git da ke da sunansa, tare da takarda shafi biyu da Hausa ko Turanci, yadda ya fi so. Wasu abokan sana'a na ganin wauta ce, wai ka ba mutum abin da zai sallame ka da shi. Akwai waɗanda suka tafi da shi wurin wani, ban hana su ba. Yawanci dai suna zama a kan kuɗin kulawa na wata-wata, wanda ya ƙunshi duban dare, da ɗaga siga in ta fito, da zama sau ɗaya a wata uku mu buɗe takardar cajin AWS tare mu bi ta layi-layi.