Inda farin tef ke aiki da inda yake ɓarna a layin gas mai ƙarfi

Na haɗa layin naitirojin daga silinda mai matsin bar 200 zuwa tukunyar gwaji, na naɗe kowace mahaɗa da farin tef na Teflon don gudun yoyo. Da na shafa ruwan sabulu, mahaɗa uku suka yi kumfa, kuma duka ukun irin waɗanda ƙarfe ke cizon ƙarfe ne. Tef ɗin da na sa shi ya hana su zama.

Kafin ka taɓa sifana, duba inda mahaɗar take toshe gas. A zaren NPT, wato irin haƙoran murɗawa na bakin bututu wanda ke tsukewa kaɗan-kaɗan zuwa baki, zaren da kansa ke toshewa, amma yana barin ƴar hanya mai murɗe tsakanin haƙoransa. Nan tef yake da amfani. Zagaye biyu zuwa uku ya isa, ka bi hannun da za a ɗaura, ka bar haƙori ɗaya ko biyu na baki tsirara. In ka rufe bakin, zaren zai yanko ɓarɓashi, gas ya kwashe shi ya kai cikin rigileta (na'urar rage matsi) ko bawul. Na taɓa zaro wani farin sili kamar gashi daga mazaunin bawul, shi kaɗai ya hana shi rufewa.

Mahaɗar zobe biyu irin ta kamfanin Swagelok daban take. Zarenta miƙaƙƙe ne, aikinsa kawai ya ja noti, zoben gaba ya zauna a mazauninsa, na baya ya kama bututu. Tef a nan yaudarar hannu yake yi: ka ji noti ya yi tauri alhali zoben bai ciza ba. Tura bututun har ya dunguri ƙasa, ɗaura da yatsu, yi wa notin alama, sannan ka juya zagaye ɗaya da kwata idan bututun kwatan inci ne zuwa inci 1. Ƙananan, irin su inci 1/8 da 1/16, kashi uku cikin huɗu na zagaye kawai suke so. Kada ka gauraya zoben kamfanoni biyu, ko da ido ya ce iri ɗaya ne. Bututun da ya karce a tsawonsa kuwa, yanke wurin ka yar, ƙarin ɗauri ba ya gyara shi.

Haka bakin silinda irin CGA 580, kan nonon ƙarfe ne ke zama a gurbinsa, ba ruwansa da tef. Mahaɗar da ake kira VCR kuma wosha ta ƙarfe take matsewa, sau ɗaya ake amfani da ita.

Idan matsi ya kai psi 20,000 ko 60,000 (bar 1 kusan psi 14.5 ne), sai mahaɗar da ake fiƙe bakin bututu ya zama tsini, ɗan ƙasa da digiri 60, ya shiga mazauni mai digiri 60. Wannan ɗan bambancin ne ke sa su haɗu a siririn layi ɗaya. Kwalar ƙarfen da ake murɗawa a kan bututun zaren hagu gare ta. A jikin mahaɗar akwai ƙaramin rami da ke fitar da matsi idan tsinin ya saki, ya kuma nuna maka yoyo. Kada tef ko datti ya toshe shi, kada kuma ka sa yatsa a kai don jin iska, domin a wannan matsin gas ko ruwa na iya huda fata.

In na ga kumfa yanzu, sai na rufe silinda, na sauke matsi har allurar ma'aunin matsi ta kwanta a sifiri, sannan in kwance in duba mazaunin da fitila.