Laraba, da tambayoyin Kawu

Zafin Garwa yau ba a magana. Tun hantsi muke zagin fankar shago, sai da aka ɗauke wuta muka gane ashe baiwar Allah tana ƙoƙari.

Abin da ya hana ni barci dai zancenmu ne da Kawu bayan azahar. Takardar biyan kuɗin shekara ta manhajar da muke rubuta ciniki da basussuka ta iso, ni kuma don iyayi na ce bari in karanta masa sharuɗɗan kafin ya biya. Da Faransanci take, ina karantawa ina juya masa. Na iso inda suka faɗi abin da za su yi in masifa ta faɗa wa rumbun kwamfutocinsu. Alkawari biyu suka yi. Za su tayar da manhajar cikin awa 24. Kuma tunda sau ɗaya suke kwafe bayanai, cikin dare, abin da zai salwanta ba zai wuce aikin yini guda ba.

Kawu ya ajiye carbi. "Wato in abin ya faru da la'asar, buhunan da na ba mutanen Figil bashi da safe sun tafi ke nan?"

Na ce rubutun ne zai tafi, Kawu, buhunan suna nan.

"Ai rubutun shi ne buhunan, ɗan nan. Kuma awa 24 ɗin daga yaushe ake ƙirgawa? Daga sanda wuta ta kama, ko daga sanda suka yarda ta kama?"

Na sake bin takardar layi-layi. Ba su faɗa ba. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba, shi ya gano wannan.

Don in wanke kaina sai na ɗauko labarin Sitirasbur. Na gaya masa a watan Maris na 2021 gobara ta tashi a cibiyar kwamfutocin OVH, kamfanin da ke ajiye wa mutane shafukan intanet da bayanai, a garin Sitirasbur can Faransa, gini ɗaya ya ƙone ƙurmus, na kusa da shi ya taɓu, shafukan intanet masu ɗimbin yawa suka mutu a dare ɗaya. Babu wanda ya rasa ransa, amma wasu sun rasa bayanansu har abada, saboda kwafin ajiyarsu ma a wuri ɗaya yake da asalin. Na ƙara da ƙa'idar da masu wannan aiki ke maimaitawa: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam.

Ya gyaɗa kai. Ya ce ko a ƙauye ba a jera rumbuna jikin juna saboda wuta. Ina jin daɗi na burge shi, sai ya ce, "To kai namu da kake cewa kana saukewa a filas, ina filas ɗin?"

Tana cikin durowar tebur. Teburin da kwamfutar ke kai.

"Ka taɓa buɗe abin da ke ciki?"

Ban amsa ba, shi ma bai ƙara ba. Ya miƙa mini sefa ɗari biyar ya ce in aiki yaro ya sayo folere mai sanyi. Wallahi da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Tuwon Inna yau da miyar kuka. Auta ya sake ɓatar da takalmin makaranta, ƙafa ɗaya.

Bayan isha'i na zauna na buɗe filas. Kwafi na ƙarshe tun kafin ƙaramar salla. Ni da ke cika baki cewa kowace Juma'a nake yi! Na sauke sabo ta wayata, layi yana zuwa yana tafiya, ya ci mini kusan minti arba'in. Sunaye da jimillar bashi sun fito, amma ranakun da kowa ya biya wani abu babu su, kuma na duba ko'ina ban ga ƙofar da ake mayar da fayil ɗin cikin manhajar ba. Ashe duk watannin nan abin da nake ajiyewa ban san yadda ake amfani da shi ba.

Na tuna abin da ya sami GitLab, wani kamfanin manhaja, a 2017, lokacin da ma'aikacinsu ya goge rumbun bayanai bisa kuskure. Hanyoyin ajiya biyar gare su, ranar da aka neme su ba wadda ta yi aiki yadda ya kamata, sai wani kwafi na awa shida baya ya cece su. Sanda na fara karanta labarin dariya na yi musu.

Tsohon littafin bashin Kawu, mai ajami, wanda nake yi wa tsiya, yana gida cikin akwatin Hajiya. Duk daren Alhamis yake cika shi, bai taɓa fashi ba.

Na rubuta wa kamfanin tambayoyi biyu, ta farkon ta Kawu ce kalma da kalma. Filas kuma yanzu tana aljihun rigata. Allah Ya sa in tuna in cire ta kafin a kai wanki.